Wai dole ne mai bi ya yi farin ciki ko zuciya ba ta so?

Maman Bitrus: Barkanmu da dare, 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci mini rai. Wasunku sun san maigidana ya rasu wata huɗu ke nan. Lahadin da ta wuce na daure na je sujada, karo na farko tun da aka tashi daga zaman makoki. Lokacin baiko zumuntar mata suka ɗauki waƙa, ana buga tulu ana kaɗa caki, kowa ya fito layi yana rawa zuwa gaba. Ni ƙafata ta ƙi ɗaguwa, sai na ba jikata kuɗin ta kai. Da aka tashi wata 'yar'uwa ta tare ni a bakin ƙofa, ta riƙe hannuna tana murmushi, ta ce Filibiyawa 4:4, inda aka ce a yi farin ciki kullum, umarni ne, kuma mai bi da ke zama da baƙin rai yana ɓata shaidarsa. Na koma gida ko abinci ban iya ci ba. Ku gaya mini tsakani da Allah, farin ciki wajibi ne kamar yadda aka ce kada ka yi sata? In haka ne, ashe wata huɗu ke nan ina cikin zunubi.

Talatu: Wayyo Mama. Allah ya ta'azantar da ku, ya raya abin da Baba ya bari.

Danladi: Mama, sannunku da haƙuri. Matar nan ba ta iya magana ba, kuma bakin ƙofar coci ba wurin faɗinta ba ne. Amma in za mu faɗi gaskiya, ayar ba ta yi ƙarya ba. Bulus ya ce kullum ku yi farin ciki cikin Ubangiji, ya sāke maimaitawa don kada wani ya ce bai ji ba. Kuma yana ɗaure a kurkuku ya rubuta, ba a ɗakin hutawa ba. A 1 Tasalonikawa 5:16 ma haka, kalma biyu ce kacal a Helenanci, babu sharaɗi ko ɗaya. A garin Filibi ɗin ne aka yi wa shi da Sila dūka, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare aka ji su suna waƙa. In mun ce sai zuciya ta so, to me ya bambanta mu da wanda ba shi da bege?

Rifkatu: Danladi, ka karanta wasiƙar Filibiyawan daga farko zuwa ƙarshe kuwa, ko ayar da ke jikin kalanda kaɗai ka riƙe? A sura 2 aya 27 Bulus ɗin nan ya ce abokin aikinsa Abafaroditas ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, Allah ya ji tausayinsa, ya ji tausayin Bulus ma don kada baƙin ciki ya hau kan baƙin ciki. Ka ji? Yana da baƙin ciki tun farko, yana tsoron a ƙara masa wani. A sura 3 aya 18 kuma ya ce da hawaye yake rubutawa. Mutumin da ya ce a yi farin ciki kullum shi ne yake kuka a shafin da ya gabata. To ko dai ya karya dokarsa, ko kuma mu ne ba mu gane abin da yake nufi ba. Kuma Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san nan da ɗan lokaci zai tashe shi. Wa ya tare shi a bakin ƙofa?

Danladi: Yaya Rifkatu, ban ce kuka zunubi ne ba. Cewa na yi umarnin na nan, ba za mu goge shi ba don yana da nauyi.

Malam Ishaya: Ku ba ni dama in ja mu baya kaɗan, don Bulus Bayahude ne, Bafarisiye ma, kuma ba shi ya fara wannan magana ba. Ya taso ya tarar da ita a Attaura.

A Maimaitawar Shari'a 16:13-15 an umarci Isra'ilawa su yi Idin Bukkoki kwana 7 bayan sun tattara amfanin masussuka da na wurin matse inabi, wato kaka ta yi, rumbu ya cika. Aka ce ka yi farin ciki a idinka. Littafin Firistoci 23:40 ma ya ce a ɗauki rassan dabino da na itatuwa masu ganye a yi murna a gaban Ubangiji kwana 7. Malaman Yahudawa sun ƙidaya wannan cikin dokoki 613 da suke cewa Attaura ta ƙunsa. Har yau suna kafa bukka a tsakar gida ko a barandar bene, wajen Satumba ko Oktoba, su ci abinci a ciki.

Tambayar da Mama ta yi, su ma sun yi ta tun da daɗewa: yaya za a san mutum ya cika doka irin wannan, tunda ba a leƙa zuciya? Amsar da Talmud, wato babban kundin koyarwar malamansu, ya bayar za ta ba ku dariya don sauƙinta. Ya ce lokacin da Haikali ke tsaye da naman hadaya ake murnar, bayan rushe shi kuma da ruwan inabi, mata kuwa a yi musu sabbin tufafi. Musa ibn Maimun, malamin nan haifaffen Kurɗuba da ya yi likitanci a Masar zamanin Salahuddin, ya rasu a 1204, ya ƙara da cewa yara a ba su gasasshen hatsi da 'ya'yan itace masu ɓawo. Sai ya kawo maganar da ta fi tsaya mini a rai. Ya ce wanda ya kulle ƙofar gidansa ya ci ya sha da matarsa da 'ya'yansa, bai ciyar da matalauci da mai ɗacin rai ba, wannan murnar cikinsa yake yi, ba murnar doka ba.

Yanzu ku duba jerin da ke Maimaitawar Shari'a 16:14 ɗin: kai, da ɗanka, da 'yarka, da bawanka, da baiwarka, da Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Rashi, mai sharhin nan na Faransa da ya rasu a 1105, ya lura a kan aya 11 cewa huɗu na gidanka ne, huɗu kuma na Allah ne, in ka faranta wa nasa zai faranta wa naka. Mama, kuna cikin ayar nan. Amma an rubuta ku ne a cikin waɗanda za a kira a zaunar a zuba musu abinci. Nauyin yana wuyan mai rumbun da ya cika. Da matar nan ta san Attaura, da kwano za ta tare ku, ba da aya ba.

Talatu: Kai Malam! Murnar cikinsa. Wannan ta taɓa ni, don Kirsimetin bara kaji uku muka yanka, ƙofa a rufe.

Danladi: Malam, na ƙaru, amma ina da ja. Wannan duk na waje ne, nama da zane. Kun tsallake Maimaitawar Shari'a 28:47, inda aka ce la'anoni za su zo domin ba ku bauta wa Ubangiji da murna da farin cikin zuciya ba. Zuciya aka ambata ƙarara. Zabura 100:2 ma ta ce a bauta masa da murna. In na dafa shinkafa na raba wa unguwa fuskata a murtuke, na cika doka ke nan?

Malam Ishaya: Ka kama ni a wuri mai kyau, ɗana, ayar tana da nauyi kuma ba zan rage mata ba. Sai dai ka ƙarasa ta. Ta ce ba ku bauta masa da murna ba alhali kuna cikin yalwar kome. Laifin na wanda ya ƙoshi ne yana gunaguni, an ba shi ƙasa da gonaki yana bauta kamar wanda aka sa aikin dole. Ba a yi maganar wadda ta binne mijinta ba.

Kuma don kada a ce na ɓoye abin da ke goyon bayanka: a shari'ar Yahudawa, in mutum ya fara zaman makoki na kwana 7 sai idi ya shigo, idin yana yanke sauran kwanakin. Dalilin da Talmud ya bayar shi ne dokar da ta hau kan jama'a duka tana gaba da wadda ta hau kan mutum ɗaya. Ka ga akwai inda ake ce wa mai makoki ya tashi ya wanke fuska ya shigo cikin mutane. Amma shari'ar nan ɗaya ita ce ta wajabta makokin: kwana 7, sannan kwana 30, in iyaye ne wata 12, kuma a cikinsu ana hana mai makoki zuwa shagalin biki da kiɗa. Suna da ranar azumi a shekara don tuna rushewar Haikali, suna zama a ƙasa suna karanta littafin Makoki. Ko a ɗaurin aure sai ango ya taka kofin gilashi ya fasa. Wanda ya wajabta dariya a ranarta shi ya wajabta kuka a ranarsa.

Gambo: Malam tunda kun ambaci ruwan inabi, ni fa Maimaitawar Shari'a 14:26 nake so a yi mini bayani, inda aka ce mutum ya sayi abin sha mai ƙarfi da kuɗin zakarsa ya sha a gaban Ubangiji. Fastocinmu ba sa karanta mana wannan.

Shugaban zaure: Gambo, mun san inda ka dosa. Ka buɗe naka zancen gobe, yau maganar Mama ake yi.

Malam Sani: Ni baƙo ne a wannan fanni, Musulmi ne ni, karatun addinai ya kawo ni zauren nan. Mama, Allah ya ba ku haƙuri. Bayanin Malam Ishaya bai yi mini baƙo ba ko kaɗan. Mu ma haramun ne a yi azumi ranar Ƙaramar Sallah ko Babba, ko mutum yana so. Kuma zakkar fidda kai ana fitar da ita ne kafin a tafi idi, don kada talaka ya wayi gari yana bara ranar da kowa ke ci. A Suratu Yunus aya 58 an ce da falalar Allah da rahamarsa, da wannan ne za su yi farin ciki. A Suratul Ƙasas aya 76 kuma mutanen Ƙaruna suka ce masa kada ya yi farin ciki, Allah ba ya son masu irinsa. Tushen kalma ɗaya ne a Larabci, a wuri ɗaya an yi umarni a ɗaya an hana, bambancin shi ne abin da mutum ya jingina murnar a kai. Annabi (SAW) da ɗansa Ibrahim ya rasu ya zubar da hawaye, ya ce ido yana kuka, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin abin da ba zai yardar da Ubangijinmu ba. Wani abu kuma, a wurinmu takaba wata 4 da kwana 10 ce. Da Mama tamu ce, yanzu ma ba ta fita ba, balle a ce ta yi rawa.

Sisiliya: Na gode Malam Sani. Mu a Katolika abin yana cikin kalanda. Tun a taron Nikiya na shekarar 325, garin da ake kira Iznik a Turkiyya yanzu, doka ta 20 ta ce ranar Lahadi da kwanaki 50 daga Ista zuwa Fentikos a tsaye za a yi addu'a, ba a durƙushe ba, saboda tashin Almasihu. Kun ga jiki aka ba umarni. Lahadi ta uku cikin makonnin shirin Kirsimeti ana buɗe ta da ayar Filibiyawan nan, Fada ya ajiye riga mai ruwan makuba ya sa mai ruwan hoda. Ba a tambayar kowa yadda ya kwana, ikilisiya ce gaba ɗaya take murna, kai da ba ka da ƙarfi ka jingina da na kusa da kai. Fafaroma Francis a wasiƙarsa ta 2013 ya yi tsiya ga Kiristocin da rayuwarsu ta zama kamar azumin kwana 40 da babu Ista a ƙarshensa. Amma a wurin nan dai ya amince cewa ba kullum ake bayyana farin ciki iri ɗaya ba, musamman a lokacin tsanani.

Danladi: To ai kun dawo kan maganata. Umarni ne.

Rifkatu: Umarni ne ga wa, a yi me? Nan ne muka rabu da kai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha ganin matan da aka kawo ba sa barci, ba sa ci, sun rame, in ka tambaya sai a ce ai an yi ta yi musu addu'a an ce su yi murna. Wata ta ce mini tsoron zuwa coci take yi don ta gaji da yaƙe. Akwai baƙin cikin rashi, akwai kuma ciwon damuwa da ke buƙatar likita, kuma duka biyun ba a korarsu da tsawa. Galatiyawa 5:22 ta sa farin ciki cikin 'ya'yan Ruhu. Ka taɓa ganin wanda ya tsaya gindin mangwaro a watan Agusta yana yi masa faɗa don bai yi 'ya'ya ba?

Danladi: Amma ana yi masa ban ruwa, ana zuba taki. Ba a naɗe hannu a ce sai ya ga dama.

Rifkatu: Wannan na yarda. Sai dai mai ban ruwan ba itacen ba ne.

Malam Ishaya: Akwai wani malamin Yahudawa a Yukren, Nahman na Breslov, wanda almajiransa ke yawan maimaita maganarsa cewa babbar doka ce mutum ya kasance cikin farin ciki kullum. Danladi zai so shi. Amma mutumin nan ya binne 'ya'yansa, ya binne matarsa, tarin fuka ya kashe shi a 1810 yana da shekara 38. Shi ne kuma ya koya wa mabiyansa su ware lokaci kowace rana su keɓe su zazzage wa Allah duk abin da ke cikinsu da karyayyar zuciya. Har yau dubban mutane suna zuwa kabarinsa a garin Uman. Ban ce ku bi shi ba, ina nuna muku ne cewa masu tsananta wannan doka sau da yawa su ne waɗanda suka fi shan wuya, kuma da kansu suke fara yi wa wa'azin.

Baba Fasto: 'Ya'yana, na karanta duka, idona ba ya jure waya sosai, jikana ne ke rubuta mini. Maman Bitrus, 'yata, ba ki cikin zunubi. Na faɗa miki wannan da shekara 40 na aikin bishara a bayana.

Ku buɗe Nehemiya sura 8. Mutane sun dawo daga bauta a Babila, an gama ganuwar Urushalima, suka taru a dandalin Ƙofar Ruwa, Ezra ya hau dakalin katako ya karanta Shari'a tun safe har tsakar rana. Jama'a suka fashe da kuka. Nehemiya ya ce kada su yi kuka, ranar mai tsarki ce. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce ku je ku ci mai maiƙo, ku sha mai zaƙi, ku aika wa wanda bai shirya kome ba rabonsa, sannan ya ce farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinku. Mu mun yanke ƙarshen mun yi waƙa da shi, mun bar maganar aika kwano.

Lokacin da ɗanmu na biyu ya rasu, muna wani ƙauye, ni ne mai wa'azi, Lahadi ta zo dole in hau bagade. Na hau, na karanta Habakuk 3:17-18, muryata tana rawa. Annabin ya fara ne da lissafa asara ɗaya bayan ɗaya, ɓaure bai yi toho ba, inabi babu 'ya'ya, zaitun ya ƙi, gona babu abinci, garke babu tumaki, turke babu shanu. Sai da ya gama ƙirga su sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Na faɗi kalmomin, amma zuciyata ba ta bi bakina ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Akwai wata tsohuwa a ikilisiyar, ba ta iya karatu ba. Kowace safiya sai ta zo da kunu a ƙwarya, ta ajiye wa matata, ta zauna a kan turmi a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, ba ta cewa uffan, rana ta ɗaga ta tafi. Ta yi haka ya fi wata biyu. Ranar da matata ta fara dariya, da tsohuwar nan ta yi ta, akuya ce ta tura baki cikin gyaɗar.

Danladi, kana da gaskiya cewa ba a goge umarnin ba, kada ka bari su hana ka faɗa. Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya roƙi Allah ya ba da abin da ya umarta, sannan ya umarci abin da ya so. Haka nake riƙe Filibiyawa 4:4. Bulus ɗin kuma a 2 Korintiyawa 6:10 ya kwatanta kansa da mai baƙin ciki amma kullum yana murna, duka biyun a numfashi ɗaya. Romawa 12:15 ta ce a yi kuka da masu kuka, ita ma umarni ce, kuma ita ce aka karya a bakin ƙofar nan ranar Lahadi.

Danladi: Na gode Baba. Har yanzu ina ganin akwai ranar da ya kamata ɗan'uwa ya ce wa ɗan'uwa ya isa haka, ka tashi. Amma na ji cewa ba ni ke sa ranar ba. Mama, in maganata ta farko ta ƙara muku nauyi, ku yafe mini.

Maman Bitrus: Babu kome ɗana, ba ka yi mini laifi ba. Na karanta duka sau biyu, na Baba Fasto ya sa ni kuka, amma ba irin na ranar Lahadi ba. Akwai abin da ban faɗa ba. Ranar Talata jikana ƙarami ya ɗauko hular kakansa daga kan ƙusa ya sa, ta rufe masa ido, yana tafiya yana karo da bango yana kwaikwayon tarin marigayi. Na yi dariya har na riƙe ciki. Bayan nan sai kunya ta kama ni, na ce ashe har na manta da shi. Kun ga ni, in na yi kuka laifi, in na yi dariya laifi. Hular dai na bar masa, da ita yake kwana.

Rifkatu: Mama, ranar Lahadi zan biyo in ɗauke ku ƙarfe 8. Mu zauna a bencin baya, in an fara rawar baiko ni ma ba zan tashi ba, dama gwiwata tana damuna.

Talatu: Ni kuma abincin rana a gidana, har da jikokin. Malam Ishaya ya sa na kasa barci da maganar ƙofa a rufe. Mama, tuwon shinkafa ko masa?

Maman Bitrus: Masa, 'yata. Amma ki rage yaji, likita ya hana ni.